Kare bishiyar fiya daga jaura: abin da za ka saya da wanda za ka bari a kanti

Duk ɗan uwanmu da zama ya kai shi kudancin Sifaniya, ko Kalifoniya, ko Texas, ko tuddan Afirka ta Kudu, ya kuma samu ɗan fili a bayan gida, da wuya bai yi sha'awar dasa fiya ba. Ga inuwa, ga 'ya'ya masu tsada a kasuwa. Sai dai fiya 'yar ƙasa mai ɗumi ce, asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya, kuma dare ɗaya na jaura ya isa ya kashe dashen da aka yi shekara biyu ana reno. Da hunturu ya kawo jiki kantunan kayan lambu kan cika da mayafai da fitilu da magungunan feshi, kowa na cewa nasa ne magani. Ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba, kuma sayayyar da ta fi muhimmanci tun wurin mai sayar da dashe ake yin ta.

Fiya jinsi uku ce. Akwai ta yankin Karibiyan, mai manyan 'ya'ya da santsin ɓawo, wadda tun daga digiri 1 zuwa 2 ƙasa da sifili take fara ƙonewa. Akwai ta Gwatamala mai kaurin ɓawo, ita tana ɗan daurewa zuwa wajen digiri 3 ƙasa da sifili. Sai ta Meziko, wadda ta taso a kan duwatsu, babbar bishiyarta kan jure digiri 4 zuwa 7 ƙasa da sifili. Gane ta ba wuya: ka tsinki ganye ka murza a hannu, za ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi irin na kayan shayi, wanda ganyen sauran biyun ba shi da shi.

A cikin ire-iren da aka samu daga waɗannan jinsuna, wadda kowa ke nema ita ce Hass, mai ƙurajen ɓawo da ke yin baƙi in ta nuna. Wani ma'aikacin gidan waya mai suna Rudolph Hass ne ya rene ta a Kalifoniya, ya yi mata rajista a 1935, kuma yau ita ta mamaye kasuwar duniya. Ta fi maiƙo, ta fi daɗi, amma jinin Gwatamala ya rinjaya a jikinta, da sanyi ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili sai ta fara jin jiki. Fuerte ta ɗan fi ta ƙwari. An kawo ta Kalifoniya daga Atlixco ta Meziko a 1911, ta yi suna ne saboda ta tsira daga mummunar jaurar 1913 da ta halaka dashe masu yawa a jihar. Bacon da Zutano suna kaiwa wajen digiri 4 ƙasa da sifili, ko da yake namansu bai kai na Hass maiƙo ba, musamman Zutano da ke da ruwa-ruwa. Mexicola ce gwarzuwar sanyi, sai dai 'ya'yanta ƙanana ne, ga babban ƙwallo, ga ɓawo siriri da ba ya jure doguwar tafiya.

Ra'ayina a nan a fili yake. In unguwarku kan ga ƙanƙara a kan gilashin mota sau da yawa a shekara, kada kwaɗayin Hass ya ja ka, ka ɗauki Bacon ko Mexicola. In jaurar sai jefi-jefi ce, dasa Hass ɗinka, in da wuri ka sa Bacon kusa da ita, domin furanninsu na taimakon juna wajen ɗaukar 'ya'ya. Ka kuma tabbata dashen mai aure ne, wato wanda aka haɗa reshen irin da kake so a kan gindin wani dashe. Wanda aka tsiro da ƙwallo a kofin ruwa yakan ci shekaru masu yawa bai haihu ba, kuma ba ka san halin da zai gado ba. Waɗannan alƙaluma duk na manyan bishiyoyi ne. Dashen da bai wuce shekara uku ba, da sabon toho, da fure, sun fi haka rauni nesa ba kusa ba.

Wurin dashe kuwa kyauta ne, amma ya fi mayafi aiki. Iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi ta taru a kwari. Ka nemi tudu ko gangare, ko gefen katangar da rana ke duka da yini, wato mai fuskantar kudu in kana Turai ko Amurka, mai fuskantar arewa in kana Afirka ta Kudu.

Abu na farko da za ka saya bayan dashe shi ne ma'aunin zafi mai riƙe adadi mafi ƙanƙanta na dare. Ba shi da tsada. Ka rataye shi daidai tsayin bishiyar, domin hasashen yanayi na waya daga tashar da ke nesa da kai yake zuwa, kuma bayan gidanka na iya fin can sanyi. Da shi za ka gane irin jaurar da ke damun ka. Akwai ta daren da sama ta yi garau, ba gajimare ba iska, ƙasa ta saki zafin da ta tara da rana, asuba ta yi a tarar da raɓa ta daskare. Wannan ita ake iya yaƙa da kayan kanti. Akwai kuma wadda iska mai ƙarfi ke kwasowa daga yankin ƙanƙara ta yi kwanaki, irin wadda ta afka wa Texas a Fabrairun 2021. Ita wannan, in bishiya ba ta tukunya ba ce da za a ja zuwa cikin gida, abin da za ka iya ceta shi ne gindi.

A cikin abin rufi, mayafin lambu fari mara saƙa shi ne zaɓina. Da nauyi ake sayar da shi: mai giram 17 a kowace murabba'in mita, mai 30, da mai 50 ko fiye. Na 17 ya yi shara-shara, digiri ɗaya zuwa biyu kawai yake ƙara maka, ga saurin yagewa. Na 30 zuwa 50 shi ne daidai fiya, yana barin iska da ɗan haske su shiga, don haka ko ya kwana biyu a kai ba laifi. Leda ta fi arha, amma duk ganyen da ta taɓa sai sanyi ya ƙone shi, in kuma ka makara ba ka yaye ta ba rana ta fito, sai ta dafa bishiyar. In ita kaɗai ke gare ka, kafa sanduna huɗu ka ɗora ta yadda ba za ta taɓa ganye ba. Tsohon bargo ko zanin gado na yin aiki sosai a daren da ba ruwa, amma da ya jiƙe ya yi nauyi sai ya karya rassa.

Yadda ake rufawar ya fi nauyin mayafin muhimmanci. Mutane da yawa kan naɗe kan bishiyar su ɗaure a wuya, su bar ƙasa a waje. Ai ɗumin daga ƙasa yake tasowa, mayafi tare shi kawai yake yi. Saboda haka ka sayi mai faɗin da zai sauka har ƙasa ta kowane gefe, ka danne bakinsa da bulo ko duwatsu, ka kuma rufe tun kafin magariba. Gindin kuma ka naɗe shi daban da kwali ko buhun algarara, daga ƙasa har sama da mahaɗar auren. Muddin wannan mahaɗa ta rayu, ko saman ya ƙone ƙurmus, irin da ka saya ne zai sake tohowa.

In kana son ƙarin ɗumi a ƙarƙashin mayafi, tsohon ƙwan lantarki mai zafi, na wat 60 zuwa 100, ya wadatar wa ƙaramar bishiya, da sharaɗin wayarsa ta waje ce mai jure ruwa kuma bai taɓa mayafin ba. Fitilar LED ba ta da zafin kirki, kada ka ɓata kuɗinka. Tsofaffin ƙwayayen sun yi wuyar samu, Tarayyar Turai ta fara janye su daga kasuwa tun 2009. In ba ka samu ba, cika jarkoki da ruwa su sha rana da yini, da yamma ka jera su a gindin.

Ruwa ma makami ne. Ƙasa mai danshi ta fi busasshiya tara zafi, don haka ka yi ban ruwa kwana biyu ko uku kafin daren da ake tsoro, ka kuma nome ciyawar da ke kewaye. Manyan manoma kan kunna ƙananan na'urorin feshi a ƙarƙashin bishiyoyi duk dare, domin kowane giram na ruwa kan saki kalori 80 na zafi yayin da yake daskarewa. Haɗarinsa shi ne in ruwan ya yanke cikin dare, ɓarnar ta fi ta wanda bai kunna ba. Ga shi fiya ba ta son jiƙa, saiwarta a sama-sama take, ruwa ya kwanta sai ruɓar saiwa ta kama ta. Manyan fankoki masu hasumiya da ake gani a gonakin Kalifoniya, masu jawo iska mai ɗumi daga sama, na mai hekta da yawa ne, kuma a daren da ba iska kaɗai suke amfani. Magungunan feshi da ake cewa suna hana daskarewa kuwa, ba zan ba kowa shawarar ya dogara da su ba.

Masu fiya a Jos da Mambila da kudancin Kaduna, ku ba daskarewa ce matsalarku ba. Busasshiyar iskar hunturu ce ke ƙone bakin ganye ta zubar da fure, kuma zana a gefen arewa maso gabas, da busasshiyar ciyawa a gindi, da ban ruwa a kan kari sun ishe ku.

In jaura ta riga ta yi ɓarna, ka ajiye almakashi. Ganyen da ya ƙone yana kare na ƙarƙashinsa, kuma sai bayan sanyi ya wuce sabon toho ya fito za ka ga inda rai ya tsaya, sannan ka datse. Abin da za ka saya a lokacin shi ne farin fenti na ruwa, ka sirka rabi da rabi da ruwa ka shafe gindi da rassan da suka tsiraita, domin ɓawon fiya ba ya jure rana kai tsaye. Ka rage ban ruwa tunda ganyen da ke sha ya ragu, ka dakatar da taki sai toho ya kankama. 'Ya'yan da suka ƙosa kuma ka duba hannun da ke riƙe da su: in ya yi ruwan ƙasa, zubowa za su yi, gara ka tsinke su cikin 'yan kwanaki su nuna a ɗaki.