Sansanin Yara na Dogon Hutu a Sabon Gari: Fita Waje ce Ribarsa

Wata ekklisiya a Sabon Garin Kano takan shirya wa yara sansani a dogon hutun watan Agusta, inda suke kwana a azuzuwan makarantarta ƙarƙashin kulawar malaman makarantar Lahadi da jami'an Boys' Brigade, ƙungiyar samarin Kirista da William Alexander Smith ya kafa a birnin Gilasgo na Sukotland a 1883, wadda ta daɗe da sanin darajar kwanan sansani. Na tura 'ya'yana bana, na kuma bi su a matsayin mai taimako, saboda haka abin da zan faɗa gani ne, ba jita-jita ba.

Kuɗin rajista ba su fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba, abincin da matan zumunta suke dafawa kuma yana ƙosarwa. Addu'ar safe da haddar ayoyi suna tafiya kan tsari.

Amma abin da ya sa kuɗin suka biya shi ne fitar da ake yi da yaran. Yawancinsu sun tashi ne a gidajen haya masu tsakar gida ta siminti, sun san gero a kwano, ba su san shi a gona ba. A hanyar madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, an tsayar da mota a bakin wata gona, wani dattijon ekklisiya ya lanƙwaso karan gero ya nuna musu zangarniya tana fitar da bununi, sannan ya sa suka bambance ɗorawa da tsamiya da kuka ta ganyensu. Da tsuntsaye suka tashi daga cikin gonar, sai ya ce, "'Ya'yana, ku buɗe Matiyu sura 6," aka karanta wurin da Yesu ya yi misali da tsuntsayen sama. Wata yarinya ta tambaye shi, "Baba, to me ya sa mai gona yake korarsu?" Muhawarar da ta biyo baya ta fi duk wa'azin makon zama a zukatansu, domin har yanzu ana maimaita ta a gidana.

Hawan Dutsen Dala da sassafe shi ma ya yi armashi, ko da yake mai jagora ya gaggauta labarin Barbushe da Tsumburbura kamar yana tsoronsa, alhali tarihin garinsu ne, kuma ya kamata yara su ji shi sosai. Ziyarar Gidan Zoo kuwa ba ta wuce kallo da ɗaukar hoto ba.

Inda masu shirin suka gaza shi ne rabon lokaci. Fita waje a wurinsu tukwici ce, ainihin shirin kuwa zama cikin zaure gaban lasifika har dare, ko da a daren da hadari ya washe taurari suka fito sarai, lokacin da ya fi dacewa a shimfiɗa tabarma a fili a karanta Zabura 19, wadda take cewa sammai suna bayyana ɗaukakar Allah. Haka nan gidajen sauro ba su isa ba, wanda sakaci ne babba a tsakiyar damina, kuma a bakin ruwan Tiga masu lura sun yi kaɗan ga yawan yaran.

Zan sake tura nawa baɗi. Iyayen da suke da niyya su haɗa wa yaro gidan sauro da rigar ruwa da takalmi mai rufi, su kuma tambayi fasto tun kafin biyan kuɗi manya nawa ne za su raka yara bakin ruwa.