Shirin gyaran halin maza masu dukan matansu a Ingila, ga ra'ayina

Da yawa cikin mutanenmu da ke zaune a Ingila ba su san akwai layin waya da aka ware wa wanda shi ne yake cutar da abokin zamansa, namiji ne ko mace, ba. Sunansa Respect Phoneline, 0808 802 4040, kyauta ne kuma sirri. Wani ɗan'uwanmu ne rigimar gidansa ta kai har maƙwabta suka kira 'yan sanda, sai muka matsa masa ya buga. Ba su zage shi ba, ba su kuma lallaɓa shi ba, kawai suka nuna masa wata ƙungiya kusa da garinsu mai yin zaman maza sau ɗaya a sati da yamma, wajen wata shida.

Abin da ya burge ni wallahi, ba sa karɓar kwana-kwana. Ya ce ranar farko da ya fara "mun ɗan samu saɓani ne da madam", mai jan zaman ya tare shi ya ce faɗi abin da hannunka ya yi. Shaiɗan ne, zuciya ce, ita ta tunzura ni, duk babu wanda ya wuce, har aka tambaye shi in zuciya ce me ya sa bai taɓa marin manajansa a wurin aiki ba? Oga ya yi tsit.

Akwai wani zane mai kama da tayar keke da suke aiki da shi, asalinsa daga garin Duluth na Amurka, an jera hanyoyin da namiji ke bi ya danne mace ko bai ɗaga hannu ba, riƙe mata katin banki, bincike mata waya, hana ta ƙawaye, tsorata ta da yara. Mu nan sai ka ƙara da barazanar "zan sa a soke miki biza". Shi a tunaninsa duk wannan kula da iyali ne, alhali tun 2015 dokar Ingila ta mai da irin wannan danniyar laifi, ana iya ɗaure mutum har shekara 5.

Kuma ba sulhu ba ne fa, ba a haɗa miji da mata ɗaki ɗaya. Wata ma'aikaciya daban ce ke kiran matar ita kaɗai ta ji ko da gaske abu na canzawa a gida, don haka in ka je ka zuba musu daɗin baki asirinka zai tonu. Mu kuwa a tara dattawa, a ce mata ki yi haƙuri aure ibada ne, shi a ce ka ji tsoron Allah, a sha shayi a watse, bayan sati biyu a koma gidan jiya.

Inda ƙungiyar ta gaza min, jira ya yi yawa kafin ya samu gurbi, komai da Turanci, sannan ba su gane nauyin dangi ba, yadda za a yi ta kiran yarinya daga gida ana zarginta da tona wa mijinta asiri a ƙasar mutane.

Ya canza? Matarsa ta ce duka ya tsaya, katinta ya dawo hannunta, tsawa dai da saura. Na ba su 4 cikin 5. Matar da take cikin haɗari kuma kada ta zauna jiran ya gama darasi, ta kira lambar gaggawa ta 999, ko layin mata na ƙasa 0808 2000 247, dare da rana a buɗe yake.