ELM327: amfaninta idan mota tana kik amma ta ƙi tashi

ELM327 'yar na'ura ce da ba ta fi akwatin ashana ba. Ana cusa ta a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja irin Torque ko Car Scanner ta riƙa nuna abin da burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin mota, yake gani. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da wannan soket, na Turai masu fetur kuma daga 2001, don haka yawancin motocin Beljiyam da ke kan titunanmu za su karɓe ta.

Inda ta fi biyan kuɗinta shi ne ranar da inji yake juyawa amma ya ƙi kamawa. Mutane da yawa suna garzayawa wajen lambobin matsala da burenbos yake adanawa in ya ga wani abu ya lalace, alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne saurin juyawar inji. Ka buɗe shafin RPM a manhajar, inda ake ganin saurin, wani ya murɗa makulli, kai kuma ka zuba ido. Inji mai lafiya yana nuna tsakanin 150 zuwa 300 lokacin kik. In ya tsaya cak a sifili ga inji kuma yana juyawa, to burenbos bai san ana kik ba, kuma ba zai saki wuta ga fulogi ba, ba zai buɗe nozul ba. Nan zargi yake komawa kan sensan kiranshaf, wanda yake gaya wa burenbos cewa inji yana juyawa, ko wayarsa, ko soket ɗinsa da mai ya jiƙa. Sau da yawa lambar P0335 tana biyo baya, P0340 kuma ta sensan kamshaf ce. Wannan gwaji na minti ɗaya ya ishe ka hana a sauke maka famfon mai mai lafiya.

Abu na biyu shi ne zafin ruwa. Motar da ta kwana a ajiye ya kamata ta nuna zafin da ya yi kusa da na gari. In ta nuna -40, sensan zafin ruwa ya mutu ko wayarsa ta tsinke, kuma a wasu motoci burenbos zai ta zuba mai kamar ana tsananin sanyi har fulogi su jiƙe. Ka kwance ɗaya ka shinshina, warin fetur zai gaya maka.

Tana nuna ƙarfin batir ma. Cikakken batir yana kusa da bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin kik ba.

Amma ba ta ganin komai, kuma masu sayar da ita ba sa faɗin haka. A yawancin tsofaffin motoci ba ta auna matsin mai. Famfo zai iya mutuwa ita kuma ta ce babu matsala. Wannan sai da kunne da geji: Honda tana kunna famfo na daƙiƙa biyu da zarar an murɗa makulli, za ka ji ƙugi daga wajen tanki, amma wasu Toyota ba sa kunna shi sai ana kik, don haka shiru a wurinsu ba hujja ba ce. Ba ta ganin tayimin bel da ya tsinke, sai dai kunnenka ya ji inji yana gudu sakayau babu nauyi. Matsalar makulli mai cif kuwa galibi ta fi ƙarfinta. Fitilar makulli da ke ƙyaftawa a dashbod ta fi ta bayani. In kuma ta ƙi haɗuwa da motar sam, a duba fis da rile na burenbos kafin a zarge ta.

Wajen saye a yi hattara. Kusan duk masu arha kwaikwayo ne, kuma waɗanda aka rubuta wa v2.1 sun fi ba da ciwon kai, suna ƙin magana da wasu motoci, masu v1.5 sun fi dama. Mai iPhone ya nemi ta WiFi, domin ta Bluetooth ta gama-gari ba ta haɗuwa da ita. Wasu suna yankewa daidai lokacin kik in batir ya yi rauni. A cire ta bayan an gama, tana shan batir ko mota a kashe take. Kuma kada a goge lambobi kafin a rubuta su, domin su ne rewaya zai fara tambaya.