Fim ɗin silaid don hoton taurari: wanne za ka saya, wa zai wanke maka

Wanda zai ɗauki Kaza da 'Ya'yanta a fim ɗin silaid daga bayan dutsen Kufena na Zariya ko hanyar Giwa, tun kafin ya sayi fim ya kamata ya san inda za a wanke shi. Silaid ba shi da nagatif. Abin da ya fito daga ruwan magani shi ne hoton, in an ɓata shi sau da yawa babu gyara.

A fina-finan da ake samu yanzu, Fujichrome Provia 100F ne ya fi dacewa da sama. Hoton taurari sai an bar kyamara a buɗe ta daɗe, fim kuma ƙarfinsa kan ragu a doguwar buɗewa, amma takardar kamfanin ta nuna shi ba ya buƙatar ƙarin haske har daƙiƙa 128. Kodak Ektachrome E100, wanda aka dawo da shi a 2018, yana riƙe ƙarfinsa zuwa daƙiƙa 10, daga nan launi ya fara karkata. Velvia 50 kuwa a bar wa masu ɗaukar faɗuwar rana, tun daga daƙiƙa 4 yake fara gazawa yana yin kore. Idan aka tallata maka tsohon Ektachrome E200, wanda ya yi suna wajen kama jan hasken gajimaren Orion, ka tuna an daɗe da daina yin sa, kuma fim ɗin da ya sha zafin shago baƙinsa ya riga ya koɗe.

Wanki hanya biyu ce: ka aika waje, ko ka sayi magani ka yi da kanka. Silaid na buƙatar tsarin wanki da ake kira E-6, masu wanke hoto na gida kuwa mafi yawansu sun koma dijital, wanda ya rage da fim ma C-41, tsarin wanke nagatif mai launi, ya sani. In ya tsoma silaid a ciki, nagatif zai fito mai launi a hargitse. Ka tambaya da baki, "E-6 kuke yi?" Idan ya yi jim, ɗauki fim ɗinka.

Gidan wanki na waje ya fi tabbas, musamman mai bin cikakken tsarin E-6 na magunguna shida, amma akwai na'urar binciken kaya ta CT a filin jirgi da ke iya lalata fim a wucewa ɗaya, don haka a nemi a duba shi da hannu. Ka rubuta wa gidan wankin kada su yanka fim ɗin. Firam ɗin taurari kusan baƙi ne ƙirin, injin ba ya gane iyakarsa, sai ya raba hoto biyu. Ɗauki firam ɗaya da rana a farkon nadin, wani a ƙarshe. Su ne za su zama shaidarka daga baya.

Maganin da za ka yi wanki da kanka, irin su Bellini ko CineStill Cs6, ya fi araha idan nadi da yawa gare ka. Wuyarsa ɗaya ce: maganin farko dole ya tsaya daidai a zafi da lokacin da takardarsa ta faɗa, a Bellini digiri 38 ne, kusan minti 6. Kula mai ruwan ɗumi da fulas na tafasasshen ruwa sun fi dogaro da wutar NEPA. Kurkurar ƙarshe a yi ta da tataccen ruwa, domin ruwan burtsatse na barin tabo.

Idan fim ya dawo, kada ka fara kallon taurarin. Ɗaga gefen da ke da ramuka zuwa haske. Ya kamata ya yi baƙi sosai, rubutun kamfani ya fito tar. In gefen baƙi ne kuma firam ɗin rana ya yi kyau, amma sama ta yi kore ko ruwan ƙasa, mai wanki ba shi da laifi: fitilun Samaru ne, ko ƙurar hunturu, ko doguwar buɗewa. In gefen ya yi dishi-dishi ana hango yatsa ta bayansa, to ko maganin launi ya gaji, ko fim ɗin tsoho ne. Wanke wani nadi daga kwali ɗaya a wani wuri zai raba gardama. Fim mai hazo kamar an zuba masa madara bai gama zama a fiksa, maganin da ke tabbatar da hoton, ba, kuma wannan yana gyaruwa, a mayar da shi cikin sabo. Idan firam ɗin rana ya yi duhu, farinsa ya yi datti, ka zargi bilic, maganin da ke taimakawa wajen cire azurfar fim, da ya bar ta a jiki, ko maganin farko da ya huce.

Akwai waɗanda ake ɗora wa mai wanki alhali daga kyamara suke. Jan haske da ya tsallaka har gefe, soson ƙofar baya ne ya ruɓe. Zane mai rassa kamar walƙiya kuwa tartsatsin busasshiyar iska ne, yana faruwa idan an naɗe fim da sauri a watan Janairu. Miƙaƙƙen layi daga farko zuwa ƙarshe yana iya zama ƙwayar yashi a kyamara ko abin jan fim na injinsu. In ya sake fitowa a wuri ɗaya bayan ka canza mai wanki, naka ne.

Ga mai farawa, Provia 100F nadi biyu, a ɗauka tsakanin Oktoba da Nuwamba kafin hazo ya yi kauri, a aika ɗaya, a riƙe ɗaya a firiji har a ga sakamakon na farko.