Baseball Savant wajen auna matasan 'yan besbol: inda ya ƙware da inda ya gaza

Mai bin besbol daga Legas ba ya samun kallon wasa yadda yake so. Wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a New York, a nan sha biyun dare ne, kuma gidajen kallo na Agege da Idi-Araba ba za su ajiye Firimiya su kunna maka shi ba. Wasannin ƙananan rukunai, inda matasa ke tasowa, sun fi wuyar samu. Don haka duk wanda ke son sanin ko ƙungiyarsa na da masu bugu da masu jifan ɗauki (masu karɓar mai jifan da ya fara wasa) na gobe, dole ya koma ga alƙaluma. A wannan fanni Baseball Savant, shafin da MLB, hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, ke gudanarwa, shi ne na farko da ya kamata a buɗe, kuma kyauta ne.

Bayanansa daga tsarin Statcast suke fitowa, wanda aka kafa a filayen ƙungiyoyi 30 na babban rukuni a 2015, aka mayar da shi kan kyamarorin Hawk-Eye a 2020. Duk jifa ana auna gudunsa da juyawarsa da karkatarsa, duk bugu ana auna ƙarfinsa da kusurwar tashinsa. Tun 2023 awon ya game dukan rukunin Triple-A, matakin da ke dab da babban rukuni, akwai kuma mafi yawan filayen gasar Florida ta matakin Single-A, wanda ke can ƙasa. Shafin na da sashen bincike na ƙananan rukunai daban: ka zaɓi shekara, ka zaɓi ƙungiya, ka zaɓi masu bugu ko masu jifa, sannan ka sa mafi ƙarancin adadin jifa don kada wanda ya buga wasa biyu ya cika maka jeri.

A wajen masu jifan ɗauki, wato waɗanda ke karɓar wanda ya buɗe wasa su jefa zagaye ɗaya ko biyu, shafin ya biya kuɗin sabulu. Dalili kuwa shi ne alƙaluman da aka saba dogara da su ba su da amfani sosai a kansu. Mai jifan ɗauki da ya shekara lafiya zagaye 60 zuwa 70 kawai yake jefawa. Ɗauki yaron da aka ci maki 10 a zagaye 30: ERA ɗinsa, wato matsakaicin makin da ake cin sa a kowane zagaye tara, 3.00 ne. Dare ɗaya ya ɓaci, a ci shi 5 a zagaye guda, ya koma 4.35, alhali hannunsa bai canza ba. Amma gudun jifa da yadda yake karkata ba sa buƙatar wata uku kafin su bayyana. Jifa kaɗan ya isa a gane su.

Ga abin da za a duba. Jifa mai gudu a babban rukuni yana kaiwa kimanin mil 94 a awa a matsakaici, saboda haka mai jifan ɗauki da ke tsayawa a 92 sai in yana da wani makamin daban. A duba kason da masu bugu ke kai gora su sami iska, wanda shafin ya rubuta Whiff %, kuma a duba shi ga kowane nau'in jifa daban, ba a dunƙule ba. Sai babban abin da ke kashe yawancinsu: bayar da tashar farko kyauta, wato barin mai bugu ya wuce tashar farko saboda jifa huɗu sun kauce wa akwatin da ake so ƙwallo ta bi. Matsakaici wajen kashi 8 cikin ɗari ne. Wanda ya haura 12 zai sa koci hawan jini ko da yana jefa mil 100 a awa. Kada kuma a manta da dokar 2020 da ta tilasta wa mai jifa fuskantar mutum uku ko ya ƙare zagayen. Bahagon da ba ya iya komai da masu bugun dama kasuwarsa ta faɗi, don haka a raba alƙalumansa gida biyu a gani.

Wani abu da jerin ba zai faɗa maka ba: ka leƙa har cikin masu buɗe wasa. Mariano Rivera, mai jifan ɗaukin da ke da tarihin rufe wasa ya kare nasarar ƙungiyarsa sau 652, da buɗe wasa ya fara. Edwin Díaz ma sai a 2016 Seattle ta mayar da shi ɗan ɗauki. Yaro mai nau'in jifa biyu masu kyau da ba ya iya wuce zagaye na huɗu, sau da yawa shi ne mai rufe wasan ƙungiyar nan da shekara biyu.

A wajen masu bugu shafin na da amfani, amma da sharaɗi. Bugu mai ƙarfi shi ne wanda ya tashi da mil 95 a awa ko fiye. Wanda suke kira Barrel yana farawa daga mil 98 da kusurwa tsakanin digiri 26 da 30, faɗin kusurwar na ƙaruwa in ƙarfin ya ƙaru. Waɗannan sun fi yawan ƙwallon da ya tsallake katanga gaskiya, musamman a gasar Pacific Coast ta Triple-A, inda garuruwa masu tudu irin Albuquerque da Reno da Salt Lake ke sa ƙwallo tafiya fiye da ƙima. Sai dai ƙarfi ba ya wadatarwa. Matsakaicin waɗanda ake kora da jifa, wato su kasa bugun jifa uku masu kyau a fitar da su, a babban rukuni kusan kashi 22 ne. Matashin da ake kora kashi 30 tun a Triple-A, in ya hau sama abin ƙaruwa zai yi. A haɗa da yawan bin jifan da ya fita akwati, a kuma dubi shekaru: ɗan 21 da ke matsakaicin aiki a Triple-A ya fi ɗan 27 da ke ragargazar kowa daraja.

Babban gibin shi ne Double-A, matakin da ke ƙasa da Triple-A. Nan ne ƙungiyoyi da dama ke gwada fitattun yaransu, wasu ma daga nan suke tsallakawa sama, kuma shafin bai ba jama'a cikakken awon wannan mataki ba. Wannan rashi ba ƙarami ba ne ga mai son hukunta rumbun matasan ƙungiya gaba ɗaya. Dole a cike shi da rahoton masu farautar 'yan wasa na MLB Pipeline ko FanGraphs, masu amfani da ma'aunin 20 zuwa 80, inda 50 ke matsayin matsakaici.

Ta fuskar amfani, da Turanci yake, awonsa mil ne da ƙafa da inci. Mil 95 kusan kilomita 153 ne. Teburansa na da faɗi, a waya sai ka kwantar da ita, kuma bincike mai yawa yana jinkiri in sabis ya yi rauni. Dabarar ita ce a rage tsawon kwanakin da ake nema, a sauke sakamakon a fayil ɗin CSV lokacin da intanet ke da ƙarfi, sannan a buɗe shi a Excel ko Google Sheets a jera masu jifa bisa gudu da kason tashar kyauta, masu bugu bisa ƙarfin bugu da kason kora.