Famfon Man Denso a Corolla Ƙirar 2006: Abin da Na Gani Bayan Wata Takwas

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, mai inji 1ZZ-FE na lita 1.8, cikin waɗanda aka shigo da su daga Amurka, kuma da ita nake zirga-zirga tsakanin Jos da Abuja kusan sau biyu a wata saboda harkar aiki. Wata takwas ke nan da na sa mata sabon famfon mai na kamfanin Denso. Na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin kafin in kai ga wannan famfon na zuba kuɗi a wuraren da ba nan ciwon yake ba, kuma na san masu motoci da dama a garin nan suna bin hanyar da na bi.

Alamar farko ita ce jinkirin tashi da safe. Sai in murɗa makulli kik ya daɗe yana juyawa kafin inji ya kama, ni kuwa na ɗora laifin a kan sanyin Jos, tun da lokacin hunturu ne. Daga baya motar ta fara fizga idan na ba ta wuta ba zato, sannan wani siririn ƙara mai kama da kukan sauro ya riƙa fitowa daga ƙarƙashin kujerar baya, inda tanki yake. Ranar da abin ya tsorata ni ita ce ranar da nake dawowa daga Abuja ta Akwanga, na iso Hawan Kibo. Duk wanda ya san wannan wuri ya san hawa ne mai tsawo da lanƙwasa, ga manyan motoci suna jan ciki. Na fita don in wuce wata tirela, na taka totur, sai motar ta shaƙe kamar an riƙe ta ta baya, alhali iyalina suna ciki. Allah ne ya kiyaye babu motar da ke gangarowa a daidai lokacin.

Garejin farko da na kai ta ba a auna komai ba. An canza filogi huɗu, an wanke nozul, da abin ya ƙi aka ce ai famfo ne, aka aiki yaro ya sayo wani mai araha a cikin kwali mai kyawun gani. Gwajin da aka yi masa shi ne wanda kowa ya saba gani: an tsoma shi cikin roba mai fetur, an haɗa wayoyinsa da batir, ya feso mai, aka ce lafiyarsa ƙalau. Wannan gwaji yana da haɗarin gobara, kuma ba ya nuna abin da ake nema, domin famfon da ya gaji ma yana iya feso mai idan babu abin da ya tare shi. Abin da inji ke buƙata shi ne famfo ya riƙe matsi alhali nozul suna zuƙa. Sabon famfon ya yi mako shida, sannan ƙaran ya dawo fiye da na da, kuma motar ta koma mutuwa idan ta yi zafi a cunkoson Terminus, sai ta huce kamar minti ashirin ta yarda ta tashi.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da mai gyaran wayarin mota a wajen Farin Gada, kuma yadda mutumin nan ya bi aikin daki-daki ya fi famfon kansa amfani a wurina. Da farko ya jona na'urar bincike a bakin OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa can tun 1996. Na'urar ta nuna P0171. Na ce masa, “Malam, ai ka ga shi nan, famfo ne.” Ya ce, “A'a Alhaji, wannan lambar ba ta ambaci famfo ba. Cewa ta yi iska ta rinjayi mai a cikin inji, kuma abubuwa da yawa suna kawo haka.” Ya bayyana mini cewa a wannan samfurin Corolla, gasket ɗin bakin shigar iska yakan bushe ya riƙa zuƙar iska ta gefe, musamman da sanyin safiya, sannan na'urar auna iskar da ke bayan filta takan yi datti da ƙurar hunturu, kuma kowanne cikin biyun yana fito da lambar nan ba tare da famfo ya yi laifi ba. Ya duba su duka, ya wanke na'urar auna iskar da maganin da aka yi dominta, ya ga gasket bai yoyo.

Daga nan ya koma kan wuta. Ya duba fiyus da rile, ya ɗaga kujerar baya ya auna wutar da ke isa soket ɗin famfo, ya tabbatar daidai take da ta batir. A nan na koyi wani abu da ya saɓa wa shawarar da ake yawan bayarwa, wato mutum ya buɗe makulli ya kasa kunne ya ji ko famfo zai yi ƙara na daƙiƙa biyu. A motoci da yawa haka ne, amma a wannan Corolla kwamfutar mota ba ta sakar wa famfo wuta sai inji ya fara juyawa, saboda haka shirun da mutum zai ji ba ya nufin famfo ya mutu.

Sai gwajin da ya raba gardama. Tun da layin man motar ba shi da bakin gwaji, sai da ya sauke matsin da ke ciki, ya kwance tiyo, ya haɗa geji mai auna matsin mai a tsakani. Littafin gyara na Toyota ya ce matsin man wannan inji ya tsaya tsakanin 44 zuwa 50 a ma'aunin matsi na psi, kuma bayan an kashe mota kada ya sauka ƙasa da psi 21 cikin minti biyar. Nawa ya tsaya a wajen 32 a silo, yana ƙara faɗuwa da zarar an taka totur, kuma da aka kashe mota allurar ta sauka ƙasa kafin minti ɗaya ya cika. Da idona na ga dalilin shaƙewar Hawan Kibo, na kuma ga dalilin jinkirin safe, domin man da ya kamata ya kwana a cikin layi komawa tanki yake yi.

Da aka ciro kwanson famfon daga tanki, sai ga shi an mayar da tsohuwar rariya a gindin sabon famfon, ta yi baƙi ta toshe, ga laka kwance a ƙasan tanki. Lakar ba ta ba ni mamaki ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, na koma shan mai kaɗan-kaɗan kamar yadda mutane da yawa suka koma, fitilar gargaɗi tana kunne kwana da kwanaki, wani lokaci kuma in sha na 'yan bumburutu a galan. Famfon nan a cikin fetur yake zaune, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi yana kuma yi masa aikin man shafawa. Tanki mai cin lita 50 idan kullum lita huɗu ko biyar ce a cikinsa, famfo zai riƙa ɗaukar zafi, a kan hawa ko lanƙwasa kuma ya riƙa zuƙo iska.

A kasuwar Dilimi na tarar da zaɓi uku. Akwai sababbi masu araha irin wanda ya ba ni wahala. Akwai cikakken kwanso na Beljiyam, wanda yake zuwa da famfo da filta da abin daidaita matsi da gejin tanki gaba ɗaya, kuma ba zan kushe shi ba, domin na ainihi ne da aka ciro daga wata mota, sai dai babu wanda zai iya faɗa maka tafiyar da ya yi ko tsawon lokacin da ya yi a ajiye a bushe. Na uku shi ne sabon Denso, wanda kuɗinsa ya kusa ninka na mai arahar sau uku. Na zaɓe shi ne saboda Denso yana cikin kamfanonin Japan da ke ƙera wa Toyota kayayyakin da mota ke fitowa da su daga masana'anta, kuma kwansona na asali lafiyarsa lau, famfon da rariyar kawai nake buƙata.

Wahalar da ke cikin wannan zaɓi ita ce jabu. Kwali mai ɗauke da sunan kamfani ba hujja ba ce, domin masu kwaikwayo sun ƙware. Mun yi amfani da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 muka fitar da lambar kayan da ta dace da motar, muka gwada ta da wadda aka buga a jikin ƙarfen famfon, muka kuma duba nauyinsa da tsaftar rubutun da bakin soket. Na biya ne bisa sharaɗin cewa idan geji bai nuna abin da littafi ya ce ba, zan mayar da shi a ranar, kuma mai shagon ya yarda ba tare da jayayya ba, abin da ya ƙara kwantar mini da hankali. Ya kamata kuma masu sababbin motoci su san cewa a 2020 Toyota ta kira motoci masu yawa, galibi ƙirar 2018 da 2019, don canza famfunan Denso da farfelarsu ke kumbura ta cije. Lamarin bai shafi ƙirar motata ba, amma mai neman kwanson Beljiyam na Camry ko Corolla ta waɗannan shekaru ya dace ya bincika lambar kafin ya biya.

Da aka zo sa famfon Denso ɗin, an cire kan batir, an buɗe ƙofofi duka don iska, an kwashe lakar tanki, an sa sabuwar rariya da sabuwar robar bakin tanki. Geji ya tsaya a 47, bai motsa ba ko da aka taka totur, kuma bayan minti biyar da kashe mota yana sama da 30.

A cikin wata takwas ɗin nan motar tana tashi da murɗa ɗaya, har da safiyar damina mai sanyi. Ƙaran nan na ƙarƙashin kujera ya ɓace, sai mutum ya kasa kunne sosai a wuri mai shiru zai ji famfon yana aiki. Lambar P0171 ba ta dawo ba. Game da shan mai ba zan yi ƙari ba: bambancin da na gani kaɗan ne, kuma wanda ke tsammanin sabon famfo zai rage masa kuɗin gidan mai da yawa ba zai sami haka ba. Abin da na saya da kuɗina shi ne mota ta amsa idan na neme ta a kan hanya, kuma na samu. Ina ba da shawarar wannan famfon ga mai irin motata, da sharaɗin a fara da sa geji kafin a sayi komai, kuma a ƙi yarda a mayar da tsohuwar rariya.

Yanzu ba na bari allurar tanki ta sauka ƙasa da kwata, kuma idan zan dawo daga Abuja nakan ƙara mai a Akwanga kafin in fuskanci hawan. Makon jiya na bi Hawan Kibo da mutum huɗu da kaya cike da but, na wuce tireloli biyu a giya ta uku, injin bai ja numfashi ba har muka fito Riyom.