Hattara da masu yawo da sunan gyaran hannuwan injin shuka

Manoma da masu bayar da hayar tarakta, a kula. Da zarar watan Afrilu ya kama, hadari ya fara haɗuwa, sai wasu su ɓullo a gonaki da shafukan Facebook da WhatsApp suna cewa suna sabunta hannuwan injin shuka da bushi (zoben ƙarfen da hannun ke juyawa a kansa) na asali, a rabin kuɗin kasuwa. Sukan nemi kafin alƙalami ta banki, su kwance hannuwan su tafi da su, bayan kwana biyu su dawo da su da sabon fenti suna ƙyalli. Kafin a gama shuka hekta goma injin ya koma gidan jiya, lambar wayarsu kuma ba ta shiga.

A yawancin injinan shuka da tarakta ke ja, kowane layi, wato sashen injin da ke shuka jeri ɗaya, yana rataye ne da hannuwa huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kowane hannu da rami biyu. Wato mahaɗa takwas a layi ɗaya, 32 a injin mai layi huɗu. A kowace mahaɗa akwai bushi na ƙarfe mai tauri, ƙusa ta ratsa cikinsa, a ɗaure da noti. Bushin yakan ɗan fi kaurin hannun tsawo, domin idan aka ɗaure notin tamau bushin ne zai kame, hannun ya riƙa juyawa a kansa. Idan ƙura da yashi suka cinye shi, ramin ya zama kamar ƙwai, sai layin ya riƙa rawa. Masarar da ya kamata ta kwanta a zurfin santimita 4 zuwa 5, wata ta nutse, wata ta tsaya a sama tsuntsu ya tsince. Tsiro ya fito wani na gaba da wani, kuma wanda ya makara ba ya kamo ɗan'uwansa har girbi.

Abin da waɗannan mutane ke sakawa a matsayin bushi guntun bututun ruwa ne da aka yayyanka. Ƙarfensa laushi gare shi, kuma da wuya tsawonsa ya yi daidai. In ya gaza, noti zai matse hannun ya hana shi motsi, sai su bar notin a sake don kada a gane. To nan ɓarnar take, domin ƙusar ce za ta riƙa juyawa tana cin ramin jikin injin kansa, wanda gyaransa ya ninka na hannu tsada. Ramin da ya buɗe kuma sai su liƙa masa wosha da walda, su goge, su shafe da fenti, su cika da giris mai kauri ya ɓoye rawar na kwana ɗaya ko biyu. Walda ba tare da ma'auni ba tana karkatar da ƙarfe, hannun dama ya fi na hagu tsawo, layin ya riƙa tafiya a karkace, faifan tsaga ƙasa na gefe ɗaya ya cinye kafin ɗayan. Mafi muni a cikinsu su ne masu musanya: su karɓi hannuwanku masu sauran ƙarfi, su kawo na wani da suka mutu.

Kada a bar hannu ko ɗaya ya fita daga gona sai an buga masa alama da kurfi a inda fenti ba zai rufe ba, an kuma ɗauki hotonsa. In da hali ma a yi aikin a gabanku. Kafin a ɗaura, a karɓi bushi ɗaya a goga masa magagari: na gaske magagarin zamewa yake a kansa, na bututu kuwa nan take zai ci. A leƙa cikinsa, bututun ruwa yana da layin walda a tsaye. A duba kan ƙusa, a ga lamba 8.8 ko 10.9, wadda aka rubuta 4.6 ko wadda ba ta da lamba ba ta wannan aiki ba ce.

Gyaran gaskiya na ramin da ya buɗe shi ne a haɗa hannuwan hagu da dama a matse su tare, a faɗaɗa ramin ya koma da'ira, a saka bushi mai girman da ya dace, ta yadda tazarar ramukan za ta zama ɗaya. In ramin ya ci har kusa da baki, ko akwai tsaga, a sayi wani hannun kawai.

Fil ɗin da ke haɗa injin da tarakta ma suna yin wasa da shi. Fil rukuni-rukuni ne bisa girma: na rukuni na 1 kaurinsa milimita 22 ne a mahaɗar ƙasa, 19 a ta sama. Na rukuni na 2 kuwa 28 da 25. Ƙaramin fil a babban rami yana sa injin gaba ɗaya ya riƙa lilo.

Ragowar kuɗi kuma sai bayan gwaji. A goge giris ɗin, a ɗaga injin, a tokare shi da ƙarfe ko kututture mai ƙarfi, kada a dogara da haidurolik kaɗai, mutum na iya rasa hannu ko rai. A kama kowane layi ta baya a girgiza sama da ƙasa, hagu da dama. Ya kamata ya tashi ya sauka sumul ba ƙwanƙwasa. Sannan a shuka mita ashirin, a tona kowane layi a wuri biyar, a auna zurfin irin. A kuma ce su ajiye tsofaffin bushin da suka cire a ƙirga, a ga ko sun kai adadin da aka biya.